Ɗan allon da ya rage wa fankar kwamfutata surutu

Abin bai fi akwatin ashana girma ba. Allo ne kore wanda ko sunan kamfani babu a jikinsa, ɗauke da MOSFET ɗaya (tiransistar da ke rage wuta ko ƙara ta), da ɗan maɓallin murɗawa shuɗi, da 'yan resista, sai waya mai tsawon kamu ɗaya da tamista, wato resista mai jin zafi, a bakinta. Yana zama ne tsakanin wutar volt 12 da fanka, ya sakar mata wuta gwargwadon zafin da ya ji.

Tamistar irin NTC ce ta 10k: a digiri 25 tana tare wuta da om 10,000, tana ɗumama tarewar na raguwa. Ita da maɓallin ne ke raba wutar da ke zuwa ƙofar MOSFET, saboda haka zafi na hawa, ƙofar na buɗewa, fanka na ƙara gudu. Allon ba ruwansa da manhaja, abin da ya fi burge ni ke nan.

Na haɗa shi da fankar bayan akwati mai milimita 120, mai waya uku, wadda a da take gudu iya ƙarfinta ko ana aiki ko ba a yi. Yanzu in rubutu kawai nake yi, sai na kara kunne kafin in ji motsinta. In na ɗora wa injin haɗa bidiyo kuwa, a hankali take ɗagowa, ba fizga.

Wajen saiti ne ake shan wuya. Maɓallin nan ba ya son hannu mai nauyi, ɗan juyi kaɗan da sukundireba sai fanka ta tashi daga tsaye cak zuwa ƙarshen gudu. Kuma allon ba shi da ƙa'idar mafi ƙarancin wuta. Fankoki da yawa in wuta ta yi ƙasa da volt 5 sai su tsaya suna ɗan karkarwa, ga shi wutar da ke tada fanka ta fi wadda ke riƙe ta tana juyawa. Don haka a saita shi injin na sanyi: a tsayar da fankar da yatsa a tsakiyarta, a saki, a tabbatar ta tashi da kanta, sannan a ɗan ƙara. Ita kuma tamista, in aka bar ta tana lilo a iska, labarin ƙarya za ta riƙa bayarwa. Ni tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya firosesa na cusa ta, bayan na naɗe ƙafafunta, don tsirara suka zo.

Aibi biyu na gani. Wutar da ya hana fanka zafi take komawa a jikin MOSFET: volt 5 sau amfiya 0.1 rabin wat ne, fanka ɗaya ba komai, amma uku sai an ɗaura masa ƙarfen sanyayawa. Sannan da yake ta baƙar waya yake rage wutar, lissafin gudun da madabod (babban allon kwamfuta) ke karantawa ya rikice, wani lokaci BIOS, wato shafin saitin madabod, ya nuna sifili alhali fanka na juyawa.

Fankar firosesa mai waya huɗu ba zan ba shi ita ba, PWM ɗin madabod, wato tsarinsa na sarrafa gudun fanka, ya fi shi iya wannan aikin nesa ba kusa ba. Amma ga tsohuwar fankar akwati mai waya biyu ko uku, zan sake sayen wani.