Oyez: shafin da ke kai ka cikin zauren Kotun Ƙolin Amurka, da inda yake tuntuɓe

Duk wanda ke nazarin 'yancin faɗin albarkacin baki a dokar Amurka, ko ɗalibi ne ko malami, ba zai daɗe ba sai ya faɗa kan shafin oyez.org. Kyauta ne, ba a rajista, ba a biyan ko sisi. Abin da ya tara shi ne muryoyin zaman Kotun Ƙoli, wato muhawarar da lauyoyi ke yi a gaban alƙalai tara, tun daga watan Oktoba na 1955 lokacin da kotun ta fara ɗaukar sautin zamanta. Jerry Goldman, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Northwestern, shi ya kafa aikin. Daga baya ya koma hannun makarantar lauyoyi ta Chicago-Kent, yanzu kuma ana tafiyar da shi tare da cibiyar bayanan shari'a ta Jami'ar Cornell da kamfanin Justia. Sunan ya samo asali ne daga kiran da dogarin kotu ke yi sau uku idan alƙalai za su zauna, tsohuwar kalmar Faransanci ce mai nufin a saurara.

Hukuncinmu a kansa a taƙaice: wajen ji da kunne ba shi da na biyu, wajen sanin abin da doka ta tsaya a kai kuwa bai isa a jingina da shi ba.

Ga yadda shafin kowace shari'a yake. A sama akwai sunan mai ɗaukaka ƙara da wanda ake ƙara, lambar shari'ar, kotun da ta fito, ranar muhawara da ranar hukunci, da sunayen lauyoyi. Sai gajeren bayani kashi uku: abin da ya faru, tambayar da ke gaban kotu, da amsar da ta bayar. A ƙasa akwai hotunan alƙalan, an nuna wanda ya bi rinjaye da wanda ya saɓa. Gwanintar tana wajen sautin. Idan ka kunna, rubutun maganar yana tafiya tare da muryar, hoton mai magana yana haskawa, kana danna jimla sautin ya tsallaka ya kai ka can. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin kafin 2004 rubutun da kotun kanta ke fitarwa ba ya faɗin alƙalin da ya yi tambaya, "tambaya" kawai ake rubutawa. Ma'aikatan Oyez ne suka bi tsofaffin faya-fayai suna gane muryoyi ɗaya bayan ɗaya.

Amfaninsa mafi girma ga mai nazarin wannan fanni shi ne yana jiyar da kai yadda farfesa ke kare ra'ayinsa idan ya bar aji ya tsaya gaban masu hukunci. A aji malami ne ke tambaya. A nan shi ake yi wa, kuma ba a jiran ya kai aya.

Fara da shari'ar New York Times da Sullivan, wani jami'in gwamnati da ya yi ƙarar jaridar kan ɓata suna. Masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Alabama sun ci jaridar tarar dala 500,000 saboda wata talla ta 1960 da ke goyon bayan Martin Luther King, wadda ke ɗauke da wasu kurakurai. Wanda ya tsaya wa jaridar a watan Janairu na 1964 shi ne Herbert Wechsler, farfesa a Jami'ar Kolumbiya. Ka saurari yadda ya ƙi tsayawa kan ƙananan kurakuran tallar, ya ja maganar zuwa tushe, cewa sukar jami'in gwamnati a kan aikinsa ita ce ainihin abin da Gyara na Farko, wato sashen kundin tsarin mulkin Amurka da ya tanadi 'yancin magana da na jarida, ya zo karewa. Ya nemi kariya mai faɗi ƙwarai. Kotun ba ta ba shi duka ba. Hukuncin da Mai shari'a Brennan ya rubuta ranar 9 ga Maris, 1964 ya ce jami'i na iya cin nasara a ƙarar ɓata suna idan ya tabbatar an buga maganar da sanin ƙarya ce, ko an yi ko-oho da gaskiyarta. Tazarar da ke tsakanin abin da lauya ya roƙa da abin da kotu ta bayar darasi ne guda, kuma ba za ka gan ta a taƙaitaccen bayanin shafin ba sai ka saurara.

Wadda ta fi ta zafi ita ce shari'ar takardun sirrin yaƙin Biyetnam a 1971, inda gwamnati ta nemi kotu ta hana jaridu buga su. An yi muhawara ranar 26 ga Yuni, aka yanke hukunci ranar 30, kwana huɗu kacal. Alexander Bickel na Jami'ar Yale ya tsaya wa jaridar New York Times, gwamnati kuma Erwin Griswold ya tsaya mata, wanda ya shugabanci makarantar lauyoyi ta Harvard shekaru da dama. Malami da malami ke nan, kar ta san kar. Mai shari'a Stewart ya sa Bickel a tsaka mai wuya: a ce alƙalai sun buɗe takardun sun ga bugawa zai jawo mutuwar samari ɗari, duk da haka a bari a buga? Bickel ya amsa cewa a irin wannan hali tausayin ɗan'adam zai rinjayi riƙonsa ga ƙa'idar. Masu ganin bai kamata a taɓa hana jarida bugawa ba ko da wane dalili ba su ji daɗin amsar ba. Amma jaridar ta yi nasara da alƙalai 6 a kan 3, kuma Stewart na cikin shidan. A rubuce amsar tana kama da ja da baya. Da kunne za ka ji mutum ne da ya san ƙuri'ar wa yake nema.

A shekarar ce kuma Melville Nimmer, farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ya kare Paul Cohen, wanda aka yanke wa kwana 30 a gidan yari don ya shiga ginin kotu da riga mai ɗauke da ashar a kan dokar tilasta shiga soja. Alƙalin Alƙalai Burger ya buɗe zaman da cewa kotu ta san abin da ya faru, ba sai an tsaya a kai ba. Nimmer ya gane hannunka-mai-sanda ne, amma ya furta kalmar, domin da ya kauce mata tamkar ya yarda ke nan cewa ba ta faɗuwa a bainar jama'a, alhali wannan shi ne abin da ake jayayya a kai. Ya ci da 5 a kan 4. Mintin farko na wannan faifan ya isa a gina darasin awa guda a kansa.

Mai son bin sawun malami guda daga aji zuwa kujerar alƙalanci ya nemi Elena Kagan. Ta koyar a Jami'ar Shikago a shekarun 1990, inda ta wallafa doguwar maƙala a 1996 kan yadda manufar gwamnati ke tasiri a shari'un 'yancin magana, ta shugabanci makarantar lauyoyi ta Harvard daga 2003 zuwa 2009, sannan ta zama babbar lauyar gwamnati a gaban Kotun Ƙoli. Tsayuwarta ta farko ita ce maimaicin muhawarar shari'ar Citizens United, kan dokar da ta taƙaita kuɗin da kamfanoni ke kashewa a kamfe, ranar 9 ga Satumba, 2009. Oyez ya ajiye zaman biyu a shafi ɗaya, kuma a jere ya kamata a ji su. A na farko, wato na Maris ɗin 2009, lauyan gwamnati Malcolm Stewart ya amsa cewa dokar kuɗin kamfe na iya shafar ko da littafi ne idan kamfani ya buga shi da kuɗinsa. A na Satumba Kagan ta ce gwamnati ta sauya amsa. Bakin alƙalami ya riga ya bushe, gwamnati ta faɗi da 5 a kan 4 a Janairun 2010. A shekarar ta hau kujera, kuma daga nan za ka ci gaba da jin muryarta a shafin tana yi wa wasu tambayoyi.

Sai matsaloli, kuma suna da yawa.

Ta farko ƙarama ce amma tana ɓata lokaci. An jera shari'u ne bisa zangon kotu, wanda ke farawa ranar Litinin ta farko a Oktoba, ba bisa shekarar hukunci ba. Sullivan da aka yanke a 1964 tana ƙarƙashin 1963, Brandenburg ta 1969 tana ƙarƙashin 1968, Citizens United ta 2010 tana ƙarƙashin 2008. Ɗalibai kan kwafi shekarar zangon su saka a rubutunsu a matsayin shekarar hukunci. Maganin shi ne a ɗauki lambar kundi da ke shafin: 376 U.S. 254 na nufin juzu'i na 376, shafi na 254, sai a haɗa da ranar hukunci.

Ta biyu ta fi haɗari, ita ce hotunan ƙuri'a. Ɗauki shari'ar Alvarez ta 2012, kan mutumin da ya yi ƙaryar an ba shi babbar lambar yabon soja. Ƙidaya ta nuna 6 da 3, sai mai karatu ya ɗauka alƙalai shida sun haɗu kan dalili ɗaya. Ba haka ba ne. Huɗu ne suka bi dalilin Mai shari'a Kennedy, alƙalai Breyer da Kagan kuwa sun yarda a soke dokar da ta haramta irin wannan ƙaryar amma da ma'auni mai sassauci. Babu ra'ayi guda da ya samu biyar, kuma wannan ne ke yanke yadda ƙananan kotuna za su yi amfani da hukuncin. A shari'ar takardun Biyetnam ma hukuncin kotun sakin layi kaɗan ne, sannan kowanne daga cikin alƙalan tara ya rubuta nasa. Sakin layi ɗaya ba zai ɗauki wannan ba. Mahaɗin da ke kai ka cikakken hukunci a Justia yana nan a shafin, a danna shi kafin a rubuta komai.

Ta uku, shafin ba a gina shi don bin diddigin ko hukunci na nan da ransa ba. Hukuncin shari'ar Whitney na 1927, alal misali, na Brandenburg na 1969 ya soke shi. Ma'aunin hukunta magana na shari'ar Schenck ta 1919, inda Mai shari'a Holmes ya kawo misalin mai ihun ƙarya cewa gobara ta tashi a gidan wasa, an maye gurbinsa tun 1969 da mai tsauri: sai maganar ta nufi tunzura karya doka nan take, kuma da alamar za ta haifar da hakan. Wanda ya karanta shafin Schenck shi kaɗai zai tafi da doka ta shekaru ɗari da suka wuce. Don wannan sai a koma ga sharhin kundin tsarin mulki da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ke sabuntawa a intanet, shi ma kyauta ne. Kuma tsofaffin shari'u irin su Whitney da Schenck, da Near ta 1931 da Barnette ta 1943, ba su da sauti ko kaɗan, tunda sun riga na'urar zuwa.

Akwai kuma abin da babu shi sam. Takardun hujja da lauyoyi ke miƙawa, har da waɗanda malaman jami'a ke rubutawa a matsayin abokan kotu, wato masu ba kotu shawara ba tare da suna cikin ƙarar ba, su ne ƙashin bayan shari'a, muhawarar baki kuwa galibi minti 30 ce ga kowane ɓangare. Na shari'un da aka shigar daga ƙarshen 2017 suna shafin kotun kanta. Hukunce-hukuncen kotunan ɗaukaka ƙara, inda akasarin rigingimun 'yancin magana ke ƙarewa, sai a shafukan CourtListener ko Google Scholar. Sannan a yi hattara da auna alƙali da tambayoyinsa: wani yakan matsa wa ɓangaren da zai goyi baya don ya ji ƙarfin hujjarsu, Mai shari'a Clarence Thomas kuwa ya yi shekara goma, 2006 zuwa 2016, bai yi tambaya ba, alhali yana ta rubuta ra'ayoyi.

Faya-fayan shekarun 1950 da 1960 suna da ƙara, muryar alƙalin da ya jingina baya takan ɓace, rubutun kuma a wasu wurare yakan ce ba a ji ba ko ba a gane mai magana ba. Na'urar kunne tana taimakawa sosai. Komai da Turanci yake, Turancin lauyoyi kuma, don haka wanda kunnensa bai saba ba ya bi rubutun da ido yana dakatar da sautin. Sabbin shari'u kuwa, tun watan Mayu na 2020 kotun ke watsa zamanta kai tsaye, Oyez yakan biyo baya da nasa mai haɗe da rubutu. Sautin karanta hukunci daga kan kujera shi ya fi jinkiri, domin sai zango ya ƙare ake miƙa shi ga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa.

Tsarin da ya fi ba da sakamako shi ne a karanta abin da ya faru da tambayar kawai, a rufe amsar, a saurari muhawarar a rubuta hasashen yadda kowane alƙali zai faɗi, sannan a buɗe cikakken hukunci. Texas da Johnson ta 1989, kan ƙona tutar Amurka, ta dace da gwajin farko: 5 da 4 aka tashi, kuma Scalia da Kennedy, waɗanda Shugaba Reagan ya naɗa, suna ɓangaren da ya kare mai ƙona tutar, Stevens kuwa yana cikin waɗanda suka saɓa.