Family Pairing na TikTok: abin da ya tare min da abin da ya fi ƙarfinsa

Duk uwar da 'yarta ke TikTok, ina ba ta shawara ta kunna Family Pairing, wato tsarin da ke haɗa asusun uwa da na 'yarta don ta riƙa sa ido. Kyauta ne, yana cikin manhajar tun 2020. Sai dai ta san iyakarsa kafin ta saki jiki.

Haɗawar ba wuya. Ke ma sai kin buɗe naki asusun, ki shiga saiti, ki zaɓi cewa ke ce uwa, lambar QR ta fito a wayarki, yarinyar ta ɗauka da tata. Daga nan kina iya yanke mata mintunan da za ta yi a rana, ki rufe mata bincike, ki taƙaita masu turo mata saƙo. Kamfanin da kansa ya hana 'yan ƙasa da shekara 16 saƙon sirri, kuma tun 2023 ya sa wa 'yan ƙasa da 18 minti 60 a rana. Amma fa sai in shekarun gaskiya aka rubuta. Tawa tana da 16, ƙawar da ta buɗe mata ta rubuta 21, dole muka buɗe sabo.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne ƙarin da suka yi a 2025: ina ganin waɗanda take bi da masu bin ta, ina kuma kulle manhajar daga bayan isha'i zuwa safe. A jerin mabiyan na tsinci wani mai furfura a gemu, sa'an babanta, yana bin ɗalibar SS2. Allah Ya kyauta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Akwai wurin rubuta kalmomin da ba kya so bidiyonsu ya fito mata. Na rubuta na batsa da na sani, sai na lura bidiyon da ke juya tunanin yaran nan babu batsa a cikinsu ko ɗaya. Yarinya ce da mayafinta, tana ɗaga iPhone tana cewa wanda ke son ki ba ya miki rowa, ke ma kar ki yi masa. Ko mai tallar kayan mata tana koyar da yadda ake riƙe namiji, alhali masu kallon ba su gama sakandare ba. Wace kalma zan toshe? Soyayya? Aure?

Wata rana muna gyaran zogale 'yata ta ba ni labarin 'yar ajinsu. Saurayin ya daɗe yana sa mata data, ya biya mata kuɗin anko, sai ya ce, "In da gaske kina so na ki tabbatar min, ai auren ki zan yi." Ta kai wa ƙawaye shawara, suka ce ta cika ƙauyanci, kowa ma yana yi, in ta ƙi wata zai koma. Ita kuma tana jin kamar bashi ta ci. Da ya gudu, ƙawayen nan ne suka yaɗa zancen a makaranta. Kuma a WhatsApp da wurin zance aka ƙulla komai, inda Family Pairing ba ya leƙawa.

Abin da ya tsaya min a rai tambayar da tawa ta yi daga ƙarshe: "Umma, to in bai taɓa neman komai ba, ta yaya za a san yana so?" Yarinyar da ba ta fashin Islamiyya ke nan. Na ce ta duba ko yana iya sallama da Abbanta. Ta yi dariya, ta ce ai ƙawayenta cewa suke wannan soyayyar zamanin da ce.

Ban cire Family Pairing ba, ba kuma zan cire ba. Amma ki sani ba za ki karanta saƙonninta ba, tana kuma iya raba haɗin daga wayarta, sai dai sanarwa za ta zo miki. Sannan asusun da kika haɗa kawai kike gani. In ta buɗe wani a wayar ƙawarta, babu abin da zai sanar da ke.