Mutum huɗu, babu lasifika: kiɗan obo da tsirkiya a Landan

Abin da zai fara ɗaure wa ɗan gida kai idan ya shiga zauren Wigmore da ke Landan shi ne dandamali fayau. Kujera uku ko huɗu, maɗoran takarda huɗu, shi ke nan. Babu waya ko ɗaya a ƙasa, babu akwatin lasifika, babu yaron da ke zagaye yana gwada makirufo. Zauren yana ɗaukar mutum kusan 550, amma idan mai celo, wato babban gogen Turawa, ya taɓa tsirkiya a hankali kamar yana raɗa, na kujerar ƙarshe a bene yana ji sarai. Ran Litinin da ƙarfe 1 na rana za ka ga makirufo a rataye, to wannan na rediyon BBC ne da ke watsa wasan kai tsaye, ba ya ƙara wa kowa murya a cikin ɗakin.

An buɗe zauren a 1901 da sunan Bechstein, kamfanin fiyano na Jamus. Yaƙin duniya na ɗaya ya sa aka ƙwace shi, aka sake buɗewa a 1917 da sunan titin da yake. Ɗaki ne mai tsawo, rufinsa a lanƙwashe, kuma a saman dandamali akwai rabin ƙubba da ke tattara sauti ta turo shi gaba. Maginin ya riga ya yi aikin da mu a gida muke ɗora wa janareta da lasifika.

Irin kiɗan da ake yi a nan shi ne kiɗan ɗaki: mutum ɗaya ga kowace murya, babu madugu mai sanda a gabansu. A haɗin da nake magana a kai akwai bayolin, biyola da celo, wato dangin goge daga ƙarami zuwa babba, kowanne da tsirkiya huɗu, sai obo, abin busa. Da numfashi suke ba juna alama. Mai obo zai ja iska ya ɗan ɗaga kan kayansa, sauran ukun su shigo tare kamar hannu ɗaya. Wasu daga cikin masu yin irin wannan wasa na rana matasa ne da ba su daɗe da gama makarantar kiɗa ba.

Wanda ya tashi yana jin algaita a hawan sallah, da ya ji obo zai san dangi ne. Dukansu harshe biyu na kara ne ke karkarwa a bakin bututu mai buɗewa ƙasa. Bambancin yana wajen riƙo. Mai algaita yana zura harshen gaba ɗaya cikin baki, faifan nan ya tokare leɓe, kumatu su zama mazubin iska, yana shaƙa ta hanci busa ba ta yanke ba. Shi ya sa muryarta take da ƙarfi ɗaya, mai ratsa kofaton dawaki da tambari. Mai obo kuwa yana naɗe leɓe a kan haƙora ya kama ƙarshen harshen, don haka yana iya sauke murya har ta kusa ɓacewa ya sake tayar da ita. Matsalarsa ma akasin ta kowa ce: ƙofar harshen ƙanƙanuwa ce ƙwarai, iska ba ta ƙarewa, sai dai ta gurɓace a ƙirji. Dole ya fara fitar da tsohuwa kafin ya ja sabuwa, kuma wanda bai tsara wuraren yin haka a takardarsa ba za ka ga fuskarsa ta yi ja, murya ta fara rawa.

Harshen nan shi ne rabin sana'ar. Ana yin sa da wani kara mai kama da gora, mafi shahara daga yankin Var a kudancin Faransa. Ana zaɓar mai kauri kamar milimita 10, a tsaga shi uku, a kankare cikinsa har ya koma kusan milimita 0.6, a jiƙa, a ninke biyu, a yanke masa siffa, sannan a ɗaure da zare a kan ɗan bututun tagulla mai tsawon milimita 47 wanda aka naɗe gindinsa da toshiya. Sai a yanke kan, a shiga fiƙa da wuƙa. Bakin ƙarshe yakan fi takarda sirantaka. Idan aka ɗaure zare ya wuce ƙarshen bututun, an shaƙe shi. Idan gefe bai haɗu ba, iska na zurarewa. Idan an kankare tsakiya da yawa, murya ta faɗi ƙasa kuma ba gyara. Kafin a busa sai an tsoma shi a ruwa minti biyu ko uku, shi ya sa za ka ga ƙaramin kofi a gindin kujerar mai obo. Bayan duk wannan wahala, harshe mai kyau kwanaki yake yi yana aiki, ba watanni ba. Wanda ba ya yin nasa zai saya a kan fam 15 zuwa 25 kowane ɗaya. A titin Chiltern, tafiyar 'yan mintuna daga zauren, akwai shagon Howarth, masu ƙera obo tun 1948, inda ake samun kara, zare, wuƙa da mai gyara a wuri ɗaya.

Jikin obo kansa na Afirka ne. Baƙin itace ne mai nauyi da ake kira girenadila, 'yan Suwahili su ce mpingo, yawanci daga Tanzaniya da Mozambik. Sabon obo na ƙwararru ba ya gaza fam 7,000, kuma abin da ya fi ba mai shi tsoro shi ne tsagewa. Idan itacen ya yi sanyi aka hura masa numfashi mai ɗumi, cikinsa ya kumbura wajensa bai motsa ba, sai gaɓar sama ta dare tsakanin ramuka. Don haka kafin wasa suna cusa gaɓar a hammata ta yi ɗumi. Na'urar ɗumama ɗaki a lokacin sanyi tana busar da iska kamar hunturunmu, ita ma tana tsaga itace, tana kwance maɗaurin tsirkiyar bayolin. Duk mai shirin aika irin wannan kaya Kano ko Damagaram ya sa ɗan soso mai danshi a cikin akwatin, kada ya bar shi a mota a rana.

Ga wani abu da ake gani kusa. An gama kashi na farko, mai obo ta ji wata murya tana gurgura, alamar ruwa ya taru a ƙaramin rami na sama. Sai ta ciro siririyar takarda irin ta naɗa taba, ta zura ƙarƙashin maɓallin, ta danna, ta hura, ta ja ƙyalle ta cikin bututun. Wajen rabin minti. Mutum ɗari biyar suna zaune, babu wanda ya yi magana, babu wayar da ta yi ƙara. Sun san aiki take yi, kuma sun ba aikin haƙƙinsa. A raina na ce da mai algaitarmu zai samu wannan rabin mintin.

Abin da ba a rasa shi a irin wannan wasa shi ne kiɗan mutum huɗu da shahararren mai tsara kiɗa Mozart ya rubuta a Munik a 1781 domin Friedrich Ramm, gwanin obo na zamaninsa. Kashi uku ne, kusan minti 15. Na tsakiya gajere ne, mai sanyi, a nan ake gane wanda ya iya riƙe dogon numfashi. A na ƙarshe akwai wurin da masu tsirkiya ke tafiya da ƙirgen shida, mai obo shi kaɗai ya koma ƙirgen huɗu, su sake haɗuwa a gaba. Kunnen da ya saba da kalangu ba zai ga baƙon abu a nan ba, amma matasa da yawa a nan suke zamewa, domin kowa na son bin ɗan'uwansa maimakon ya riƙe nasa. Akan haɗa shi da wanda Benjamin Britten ya rubuta a 1932 yana ɗalibi ɗan shekara 18. Celo ne ke farawa shi kaɗai da taku kamar na mai tahowa daga nesa, da shi kuma ake rufewa. A tsakiya an bar mai obo ya huta, masu tsirkiya su riƙe.

Matasan nan ba daga sama suke faɗowa ba. Akwai gidauniyar YCAT mai tallafa wa matasan makaɗa, tun 1984, da ke tantance su, zagayen ƙarshe a bainar jama'a a wannan zauren, wanda ya haye a nema masa wasanni a koya masa harkar kwangila. BBC na da nata tsarin tun 1999, shekara biyu ana naɗar kiɗan matashi ana watsawa. Makarantun kiɗa na birnin suna buɗe wasannin ɗalibai da rana, da yawa kyauta. Zauren ma yana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 35 tikitin fam 5 a wasu wasanni.

Amma akwai abin takaici. Duk da rangwamen, ka duba kujeru, furfura ce ta fi yawa. Dokar shirun kuma tana wuce gona da iri. Ba a tafi tsakanin kashi da kashi, sai an gama duka, kuma ba kowa ke gaya wa baƙo ba. Wanda ya tafa a inda zuciyarsa ta motsa zai sha harara. Tari ma laifi ne. Idan ka makara minti biyu, a bakin ƙofa za ka tsaya sai an samu tsaiko. Ana gamawa kowa ya suri rigar sanyinsa ya fice, maƙwabcin kujerarka ba sannu ba sai an jima. Yarinya ta yi busa mai sa tsikar jiki tashi, babu mai guɗa, babu mai kiran sunan ubanta. A nan ne mutum ke tuna ƙofar fada da yamma, ƙura, kakaki, da algaita tana kirari kowa ya san abin da take faɗa.

Sai dai mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna son kiɗan, muna raina makaɗin. A kira shi ƙarfe 4 a fara ƙarfe 8, a ajiye shi a rana, a manna masa makirufo mai tsatsa a bakin algaitar da ba ta buƙata, a buɗe lasifika har ƙarshe sai goge ya koma kamar ana yaga kwano. Ana cikin busa mai gabatarwa ya katse don wani babba ya iso. A situdiyo kuwa an maye gurbin goge da algaita da maɓallin fiyano na lantarki, saboda ya fi araha. Koyo ya tsaya ga gado, ɗan gidan kuma ya ga yadda ake yi wa ubansa ya kama wata sana'a. Wa ke rubuta awon harshen algaita? Wa ke koya wa yaro yadda ake ɗame fatar guza a kan ƙoƙon goge, ko irin ƙaron da ya dace da izga? Ilimin yana kan tsofaffi, kuma suna tafiya da shi.

Ba mu rasa ɗaki ba. Soro mai ɗaurin guga, irin ginin da Babban Gwani ya bari a masallacin Juma'a na Zariya, akwai ire-irensa a tsofaffin gidajen Kano da Katsina, kaurin bango yana tare hayaniyar titi, rufi a lanƙwashe yana dawo da murya. A samu zaure ɗaya irin wannan mai ɗaukar mutum 60, a shimfiɗa tabarmi, a kashe janareta, a sa mai goge, mai kukuma, mai gurmi da mai sarewa. Mai algaita ya tsaya a tsakar gida ya buɗe taro ya rufe, don muryarta ta fili ce. A fara a kan lokaci, awa ɗaya, kuɗin shiga a bakin ƙofa, a biya makaɗa kafin su zauna, liƙi kuma a bari sai an gama.