GARGAƊI: Mai sayar da otokilef na bogi ya cinye mini N1,850,000

Jama'a, musamman abokan aiki masu ƙananan asibitocin haƙori, ina wannan rubutun raina a ɓace yake. Naira miliyan 1 da dubu 850. Kuɗin da na yi shekara biyu ina tarawa, har da adashen maiɗakina a ciki, wani mutum ya karɓe ya turo mini akwatin ƙarfe da sunan otokilef, na'urar da muke kashe ƙwayoyin cuta da ita a jikin kayan aiki.

Kada wani ya ce mini ban yi bincike ba. Shekara 11 ina wannan aiki, na san abin da nake nema. Kilas B nake so, mai famfon da ke zuƙe iska kafin tururi ya shiga, saboda hanfis ɗin da muke huda haƙori da shi rami ne a cikinsa, jini da yawu suna shiga, in iskar ba ta fita ba tururi ba zai kai can ba. Na yi masa tambayoyi ya amsa tiryan-tiryan. Da bakinsa ya kawo digiri 134, ya kawo 121, wato zafin da na'urar ke kaiwa ta kashe ƙwayoyin, ya bambance mini kilas B da kilas N marar wannan famfon. Wane ne zai ji haka ya ce ɗan damfara ne?

A wani guruf na WhatsApp na masu kayan asibiti na gan shi, ya ce yana Legas, kayan tokumbo ne masu kyau. Muka yi kiran bidiyo. Ya kunna na'urar a gabana, lamba tana hawa har ta tsaya a 134. Sai ya ce, "Likita, wannan harkar rai ce, wallahi ba zan ci haram a kan jinin mutane ba." Wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Har yanzu in na kwanta ita nake ji, ba zan ci haram a kan jinin mutane ba. A daren na tura N1,200,000. Da direba ya kira daga tasha na cika N600,000, ga N50,000 kuɗin mota. Ku haɗa da kanku, N1,850,000.

A'a, kafin bidiyon ma ya turo mini wata takarda mai tambarin NAFDAC. Ko bayan bidiyon ne? Ina jin bayan na tura kuɗin farko ne, da na ce masa hankalina bai kwanta ba. Ban bi diddiginta ba, wannan kam na yarda. Amma mutumin da ya kunna maka na'ura kana kallo!

Ranar da ta iso na zuba kayan aiki a cikin ledojinsu na gwada, na manna tef ɗin gwaji, layukansa suka yi baƙi, na yi hamdala. Yarinyar da ke taimaka mini ce ta ce, "Yallaɓai, ledojin a jiƙe suke fitowa." Na ce mata sabon wuri ne, za ta daidaita. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ta gani ni na kau da kai, alhali ni nake koya mata cewa leda in ta fito a jiƙe ba a amfani da abin da ke ciki, kuma tef zafi kawai yake shaida, ba ya shaida cewa ƙwayoyin sun mutu.

Allah ne ya sa ban fara aiki da ita a bakin kowa ba. Wajen wani abokin aiki nake kai kayana tun da tsohuwar na'urata ta lalace, na ce bari in ci gaba har sakamakon gwajin ƙwayoyin ya fito. 'Yar kwalba ce mai ruwa shunayya, da ƙwayoyi masu taurin kai a ciki, ana sa ta cikin na'urar sannan a ajiye ta a ɗumi. In sun mutu launin ba ya canzawa. Tawa ta koma rawaya. Na sake, ta sake komawa rawaya. Injiniya ya zo ya kwance bayan na'urar ya kira ni. Gurbin famfon wayam, sai ƙusoshi huɗu da bututun da aka toshe. Wayar ma'aunin zafin an yi mata dabara, ko ruwan bai gama tafasa ba allon 134 zai nuna. Sitikar kilas B kuwa da farce ya ɓare ta.

Ku duba fa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jini tana da rai. Da filayar da na cire wa wani haƙori da safe zan sa wa ɗan wani a baki da rana, ina ganin ta tsarkaka. Uwa ta kawo mini ɗanta da amana! Wannan mutumin ya san haka, tunda ya san 134.

Na kira shi, ya ce laifin janaretona ne. Washegari ya ce zai turo injiniyansa. Kwana uku bayan nan ya toshe lambata, ya fice daga guruf ɗin. Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na rubuta wa banki. Hotunan hirarmu, risit uku da hoton cikin na'urar duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar lauya ya ba ni dama.

Kada ku biya sai injiniyanku ya buɗe bayan na'urar, kada ta taɓa kayan majiyyaci sai kwalbar gwaji ta fito da launinta. Mutum biyu sun riga sun yi mini magana cewa da irin wannan rantsuwar ya karɓi nasu. Na'urar tana nan a lungun sito na rufe ta da buhu, ni kuma kullum da yamma ina ɗaure kayan aiki a bayan babur zuwa wajen abokina, bayan na biya N1,850,000.