Bashin NELFUND ko tallafin karatu: wanne yaronki ya cancanta?

Hajiya, barka da arziki. Kin ce yaronki ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kina tambaya wanne zai nema, bashin NELFUND ko tallafin karatu na gwamnati.

Na NELFUND, wato asusun bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya, bashi ne, amma ba ruwa a kansa, wanda na san shi ne abin da ya fi damun mutanenmu a nan Sakkwato. Ba a tambayar makin yaro, ba a tambayar jiharsa. Dokar 2023 ta sa sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, da cewa kuɗin shigar gidansu kada ya wuce naira 500,000 a shekara, amma dokar Afrilun 2024 ta cire duka biyun. Abin da ake so yanzu: ya kasance ɗan Najeriya a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, yana da lambar JAMB, NIN, BVN da takardar samun gurbi, kuma makaranta ta tura sunansa. Kuɗin rajista makaranta ake biya kai tsaye, na aljihu kuwa, naira 20,000 a wata, asusunsa yake faɗawa. Biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Tallafi kuwa kyauta ne, shi ya sa ƙofarsa ƙunci. Na jiha asali yake dubawa, sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ko Wamakko ce ko Tambuwal. Na tarayya ƙwazo yake dubawa: sai yaro ya kai aji 2, da maki 4.0 cikin 5. Ɗan aji 1 ke nan ba ya ciki. Ga jira kuma, ana iya rufe rajista kuɗin ba su fito ba.

Ni dai da ɗana ne, in kuɗin rajista ya gagara, sai ya ci bashin bana, ya dage da karatu ya nemi na tarayya baɗi. In gida zai iya biya, a bar bashin.

Kafin ya je shagon intanet, ki sa shi ya jera takardunsa a kan tabarma. In JAMB ta rubuta Muhammad, banki ya rubuta Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, to daga nan zai fara, don gyaran NIN ba aikin yini guda ba ne.