Fensir, fenti ko allon kwamfuta: wanne ya fi jure yanayin Jos?

Kayan zanen da ake samu a shagunan littattafai da kayan rubutu na kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma waɗanda suka haɗa su ba su yi lissafi da hunturun Jos ko daminarta ba. Garin yana kan tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan bushe ƙayau, ƙura ta cika ko'ina, dare ya yi sanyin da babu irinsa a Abuja. Daga Yuli zuwa Satumba kuma danshi kan shiga har cikin durowa. Saboda haka wannan sharhi zai auna kaya iri uku, busassu da masu ruwa da na kwamfuta, da ma'aunin abin da suke yi a hannun mai zane a wannan gari. Ba a kawo farashi ba, domin yana bin dala, kuma na wannan wata ba shi ne na watan gobe ba.

A busassun kaya, fensirin Faber-Castell 9000 da Staedtler Mars Lumograph su ne ma'auni. Na Faber-Castell yana da matakai 16, daga 6H zuwa 8B. H taurin baki ne, B kuma laushi da duhu. Sayen gwangwanin gaba ɗaya ɓarnar kuɗi ce ga mai farawa. Guda huɗu sun isa zanen fuska: 2H don shata layin farko, HB da 2B don tsakiyar inuwa, 6B don gashi da ƙwayar ido. Staedtler ya ɗan fi duhu da santsi a mataki ɗaya, Faber-Castell kuma ya fi riƙe tsini, abin da ke da amfani wajen zana aikin hula ko surfanin babbar riga. Kafin ka biya, dubi gindin fensirin: in bakin bai zauna daidai tsakiyar katako ba, zai riƙa karyewa wajen feƙewa. In ka ja layi ka ji yana ƙarzar takarda da tsakuwa-tsakuwa, ajiye shi, ko wane suna aka buga a jikinsa.

Babbar matsalar fensir ita ce ƙyalli. In ka danna 6B ko 8B da ƙarfi don samun baƙi wuluk, sai wurin ya koma ruwan toka mai sheƙi, hoton ya lalace a ido da kuma a kyamarar waya. Dalili shi ne dannawar tana kwantar da ƙwayoyin bakin fensirin su zama sumul, su riƙa mayar da haske. Maganinsa a gina duhu a hankali, shafi kan shafi da hannu sakwa-sakwa, ko a koma ga Mars Lumograph Black wanda aka ƙara wa baƙin gawayi. In za a haɗa da gawayin zane, shi za a fara sawa, domin gawayi ba ya kama saman wurin da fensir ya riga ya yi santsi.

Gawayin zane iri biyu ne: na reshen itace mai sauƙi wanda ake gogewa cikin sauƙi, da dannanne mai tsananin duhu wanda in ya zauna ya zauna. Kilinar 'yan makaranta ba ta dace da shi ba, tana jan baƙi ta ɓata fili. A nemi kilina mai laushi wadda ake murzawa a hannu a fitar mata da tsini, a riƙa dangwalawa tana ɗauke baƙin. A sa farar takarda ƙarƙashin tafin hannu, saboda maiƙon fata yana barin tabon da ba ya bayyana sai an zo shafa inuwa. Idan an gama, a fesa maganin kama gawayi daga nisan santimita 30, feshi biyu marasa kauri, a waje inda iska ke kaɗawa. Wasu na amfani da feshin gashi don ya fi araha. Ya yi ga aikin gwaji, amma yana sa takarda ta yi rawaya da daɗewa, kada a sa shi a hoton da wani ya biya kuɗinsa.

Yanayin Jos bai cika damun busassun kaya ba, wannan ne babban makinsu. Abin tsoro ɗaya shi ne damina: takardar da aka jingina da bango mai danshi tana yin ɗigo-ɗigon fumfuna. A ajiye ta a kwance, nesa da ƙasa, cikin leda mai rufewa. In za a sa a firam, a raba gilashi da zanen da kwalin gefe, kada su taɓa juna.

Kaya masu ruwa su ne suka fi buƙatar bayani, domin a nan ake yawan asara. Fentin ruwa, irin Cotman na kamfanin Winsor & Newton, garin launi ne da aka ɗaure da ƙaro, ƙaron nan dai da ake samu a Yobe da Borno da Jigawa, wanda malaman allo suka daɗe suna haɗa tawada da shi. Ƙaramin akwatin Cotman mai launi 12 ya ishi mutum ya koyi sana'ar. Launinsa bai kai na jerin ƙwararru na kamfanin kauri ba, amma yana narkewa da kyau kuma ba ya yin alli bayan ya bushe, saɓanin yawancin marasa suna da ake sayarwa a kwali mai launi 24. Sai dai gaskiyar da masu shago ba su cika faɗa ba ita ce takarda ta fi fenti muhimmanci. Fenti mai tsada a kan takardar giram 120 (wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar) zai ba ka kunya: takardar za ta kumbura, ruwa ya taru a kwari, saman ta ya fara sabulewa da zarar buroshi ya bi wuri sau uku. Abin da ake so giram 300 ne, kuma in aljihu ya yarda, ta auduga zalla irin Arches ko Fabriano Artistico. Ta Canson XL giram 300 ce amma ba auduga ba, ta yi wa koyo. Wanda kuɗinsa ya kai ga giram 190 kawai, ya jiƙa takardar cikin ruwa kamar minti biyar, ya shimfiɗa ta kan katako, ya manne gefuna huɗu da tef ɗin takarda mai gam, ya bari ta bushe a kwance. Za ta ɗame, ba za ta ƙara kumbura sosai ba.

A hunturu fentin ruwa yana bushewa kafin ka kai ƙarshen takarda. Sakamakon shi ne layi mai kaifi a tsakiyar sararin sama, ko wani tabo mai baki cako-cako inda sabon ruwa ya kutsa cikin wanda ya fara bushewa. Hanyar kauce wa wannan: a dama launin da ya fi wanda ake buƙata tun kafin a taɓa takarda, a karkata katakon kaɗan, a yi amfani da babban buroshi, a ja daga sama zuwa ƙasa ba tare da komawa baya ba. Jiƙa bayan takardar ma yana ƙara ɗan lokaci. A damina kuma akasin haka ne, sai ka yi ta jira, kuma akwatin da aka rufe da jiƙa yakan yi fumfuna. A tuna fentin ruwa yana yin haske bayan ya bushe, don haka a sa shi ya ɗan fi abin da ido ke so duhu.

Akirilik shi ne wanda masu zanen sayarwa suka fi so, kuma shi ne hunturu ya fi wahalarwa. Liquitex Basics da Galeria da System 3 duk sun yi. Mont Marte da Marie's sun fi araha, amma rawayarsu da jansu sukan buƙaci shafi biyu ko uku kafin su rufe. Akirilik fentin roba ne da ruwa ke ɗauke da shi, ruwan na tashi ya daskare, kuma ba ya sake narkewa. A watan Janairu abin da ka matso kan faranti zai iya yin fata kafin ka gama haɗa launi na biyu. Ga dabarar da ke aiki: a sami robar abinci mai murfi mara zurfi, a shimfiɗa soso ko tsumma mai laima, a ɗora takardar gasa burodi a kai, a matsa fentin a kanta. Laimar na ratsowa daga ƙasa, fentin ya kai gobe in an rufe. A ajiye kwalbar feshin ruwa kusa. Akwai ruwan jinkirta bushewa da ake sayarwa, amma kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na fentin, in ya yi yawa wurin zai kwana yana danƙo.

Akwai wani abu da ya shafi Jos musamman. Akirilik yana buƙatar ɗumin da ya kai kimanin digiri 10 kafin ƙwayoyinsa su haɗe su zama fata mai ƙarfi. A wasu dararen Disamba da Janairu sanyin garin kan sauka kusa da haka. Zanen da aka bari ya bushe a baranda ko ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga a irin wannan dare yana iya tsattsagewa ko ya yi rauni. A shigar da shi ciki. Kuma shi, ba kamar fentin ruwa ba, duhu yake ƙarawa in ya bushe. Buroshi kuwa a wanke shi da sabulu nan take, har gindin gashin, don in fenti ya bushe a can ya tashi daga aiki.

Fentin mai, irin Winton, ba ruwa ke tashi daga jikinsa ba, iska ce ke daskarar da man a hankali, daga kwana biyu zuwa kusan mako biyu gwargwadon launi da kauri. Wannan jinkirin ne daɗinsa wajen narkar da launin fata, shi ne kuma illarsa a hunturu, domin duk ƙurar da ta sauka ta zama ɓangaren hoton. A jingina shi fuskarsa na kallon bango, ƙasan a ɗan janye. Shafin ƙasa ya zama mara mai sosai, na sama ya fi mai, in an juya tsarin sama zai riga ƙasa bushewa ya tsage. Kada a dama shi da kananzir. Tsumman da ya sha man fenti kuma kada a dunƙule shi a kwando, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa; a shanya shi a waje. Game da share fagen kanbas, ɗalibai da yawa suna haɗa fentin bango da gam ɗin Top Bond. Ga akirilik na gwaji babu laifi, amma aikin da za a sayar ya cancanci farin shafen da aka yi don wannan aiki, shafi biyu ko uku, ana gogewa da samfefa mai laushi a tsakani. Wajen saye, a duba bayan kwalba: kalmar Hue na nufin an kwaikwayi launin da wani gari mai araha, alamar I ko II kuma na nuna launin zai jure hasken rana.

Allon zane na kwamfuta ya tsira daga ƙura da fumfuna, amma ya faɗa hannun wutar lantarki. Saboda haka mara gilashin kallo, wanda ake zana a kansa ana kallon hoton a gilashin kwamfuta, ya fi dacewa da mu. Huion H640P yana da filin zane inci 6.3 da 3.9, maɓallai shida, da alƙalami mara batir. XP-Pen Deco 01 V2 ya fi faɗi, inci 10 da 6.25, kuma yana gane karkatar alƙalami. Dukansu daga kebul ɗin kwamfutar cinya suke shan wuta, kuma suna aiki da wayoyin Android da dama ta ɗan mahaɗin OTG mai haɗa kebul ɗin allon da waya. Ga mai kwamfuta mai babban gilashi Deco ya fi, domin a ƙaramin fili motsi kaɗan na jan layi mai tsawo. Matakan dannawa 8,192 da ake tallatawa kada su ruɗe ka. Wacom Intuos yana da 4,096 kuma hannu ba ya jin bambancin. Wahalar farko ita ce ido na kallon gaba hannu na ƙasa, kamar mai koyon tuƙi da baya yana duba madubi, amma tana wucewa da sabo. In layi na rawa ko dannawa ta daina aiki, yawanci manhajar wani tsohon allo ce ke karo da sabuwa; a cire tsohuwar gaba ɗaya, a sake kunna kwamfuta. In da'ira na fitowa kamar ta lotse, a shiga saiti a daidaita filin allon da siffar gilashin kwamfutar. Tsinin alƙalami yana cinyewa, ƙura na ƙara masa sauri, a canja shi kafin ya fara karce allon.

Manhajar zane ta Krita kyauta ce kuma ta ishi ƙwararre. A waya, ibis Paint X ta yi. Procreate sau ɗaya ake biya, amma a iPad kawai take. Inda aka fi yin kuka shi ne wajen bugawa. A4 mai kyau yana buƙatar fiksel 2480 da 3508, A3 kuma 3508 da 4961, kuma tun farko ake saita wannan, ƙara girma daga baya dusashewa kawai yake kawowa. Gilashi da hasken ja da kore da shuɗi (RGB) yake nuna launi, injin bugu kuma da tawada kala huɗu (CMYK), shi ya sa shuɗi mai haske da kore shar suke mutuwa a takarda. A Krita, danna Ctrl da Y yana nuna yadda bugun zai kasance. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka, a buga ƙaramin gwaji kafin babba, a kuma ajiye kwafin aiki a wuri biyu.

Ga mai son zanen fuskar amarya da ango ko hoton dattijo don ratayewa a falo, fensir huɗu da gawayi da takarda mai kauri su ne suka fi saurin mayar da kuɗinsu, kuma duk shekara suna aiki. Mai neman aikin bangon littafi, katin biki, fosta ko zanen riga ya tafi kai tsaye ga allo mara gilashi da Krita, domin abokin ciniki zai ce a canja launi sau uku, kuma a nan gyara ba ya cin takarda. Akirilik na mai sayar da manyan zanuka ne ga otal da ofisoshi, da sharaɗin ya tanadi robar laima kafin Nuwamba. Fentin ruwa da na mai a bar su sai hannu ya faɗa a kan haske da inuwa. Na ruwa ya fi daɗin aiki a farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, na mai kuma bayan ƙura ta kwanta.