Sukurun da ke narkewa a gwiwa: ya riƙe, amma bai narke da wuri ba

Idan jijiyar ACL ta tsinke, wato wadda ke tsakiyar gwiwa tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, galibi ba ɗinke ta ake yi ba. Likita yakan yanko wata jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda rami a ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura ta, sannan ya matse ta da sukuru. Wanda aka sa mini a ƙwauri irin mai narkewa ne, na sinadarin PLLA, wata irin roba da jiki ke iya narkarwa, da aka cakuɗa da kalsiyam fosfet, sinadarin da ke cikin ƙashi.

Wajen riƙo ba ni da ta cewa. Ainihin aikin sukurun na watanni biyu zuwa uku ne na farko, kafin jijiyar ta manne da ƙashi da kanta. A wannan lokacin nake gashi, ina lanƙwasa ƙafa ina miƙewa har zufa ta karyo, kuma bai taɓa sassautawa ba. Da aka ɗauki hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, daga baya, komai ya fito tas, babu dishi-dishin da ƙarfe ke jawowa a kewayensa. Likitan ya ce da za a sake tiyatar, ana iya huda ta cikinsa ba sai an sha wahalar zaro shi ba. Wannan na yaba.

Inda nake da ƙorafi shi ne maganar narkewar. Yadda aka kwatanta mini, na ɗauka kamar gishiri ne a ruwa. Ina! PLLA yakan ɗauki shekaru, jiki yana farfasa shi a hankali har ya koma ruwa da iskar da muke fitarwa wajen numfashi, kuma ba kullum ƙashi ke cike gurbinsa ba. Ni dai bayan fiye da shekara biyu sai ga wani ɗan ƙulli ƙasa da gwiwa, daidai tabon yanka. Taushi gare shi, idan na danna sai ya lotsa ya dawo, durƙuso kuwa ya zama aiki. Ruwa ne ya taru saboda jiki yana faɗa da ɓurɓushin sukurun. Nawa ya lafa da kansa. Wasu sai an buɗe an kankare ragowar.

Masana na ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci na duniya, sun tattara gwaje-gwajen da suka kwatanta mai narkewa da na ƙarfe a 2016. Ba su ga wani bambanci a yadda gwiwa ke aiki ba, sai dai mai narkewar ya fi yawan karyewa a hannun likita yayin murɗa shi, ko da yake su da kansu sun ce hujjojin ba su da ƙarfi.

Don haka wanda za a yi wa wannan aiki kada sunan ya ruɗe shi. Ya tambayi likitansa wane sinadari ne, domin akwai na ƙarfen taitaniyom, akwai na wata roba mai tauri da ake kira PEEK wanda ba ya narkewa kuma ba ya ɓata hoton MRI. Ya tambaye shi da wanne hannunsa ya fi sabawa. Da za a sake ba ni zaɓi, PEEK zan nema.